Murfin rijiya na ƙarfe mai ƙaramar ƙofa da kwaɗo: yadda ya kasance a gidanmu bayan damina biyu

Rijiyar gidanmu ta girme ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sa aka haƙa ta a tsakar gida tun unguwarmu tana bayan gari, kuma duk wanda ya zauna a Kano ya san dalili, domin ruwan famfo ba ya isa unguwanni da yawa, mai babban iyali kuwa ba zai iya dogara da 'yan garuwa kullum ba. Shekara da shekaru murfinta bai wuce fallen tsohon kwano ba, wanda ake dannewa da tayar mota da wani dutse. A haka muka tashi, a haka ƙannena suka tashi, babu wanda ya taɓa ganin aibin abin.

Wata Asabar da hantsi na fito daga ɗaki na tarar da 'yata, wadda a lokacin ba ta cika shekara 2 da rabi ba, ta durƙusa a kan kwanon nan tana jefa tsakuwa ta wata huda da tsatsa ta ci, tana kasa kunne ta ji ƙarar faɗawarta cikin ruwa. Kwanon ya lotsa a ƙarƙashin gwiwoyinta. Mahaifiyarta tana madafi, tsakaninsu bai kai taku goma ba, Hajiyarmu kuma tana kan tabarma tana tsintar wake, ta ba rijiyar baya. Ban ɗaga murya ba don kada yarinyar ta firgita ta zabura. Na lallaɓa na ɗauke ta ta hammata, sai da na dire ta a ƙasa sannan na ji ƙafafuna suna rawa. Da na taka kwanon da ƙafa ɗaya don in gwada ƙarfinsa, gefensa ya zame daga bakin rijiyar ya rufta ciki. Hajiya ta ce, "Allah ya tsare gaba," muka amsa da amin, kuma a ranar na fita neman mai walda.

Na rubuta wannan bayani ne domin masu gida irin namu, waɗanda ke da rijiya da ƙananan yara a wuri ɗaya, su san abin da za su samu da abin da ba za su samu ba idan suka sa aka yi musu irin wannan murfi. Matsalar ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Mai sauraron rediyo a Kano ya saba jin sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta jiha cewa jami'anta sun ciro yaro daga rijiya ko daga kududdufi, sau da yawa kuma bayan rai ya yi halinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a watan Disamba na 2024, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma idan aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne abin ya fi shafa. Tun a rahotonta na 2014, matakin farko cikin matakai 10 da ta ba da shawara a kansu shi ne a sanya shinge tsakanin yaro da ruwa, kuma rufe rijiyoyi yana cikin misalan da ta kawo.

Wanda ya yi mana aikin dattijo ne mai shagon walda a bakin titin unguwarmu, yana da yara uku a hannunsa, yawancin aikinsa kuwa ƙofofi ne da tagogi. Abin da na je da shi a raina shi ne faifan ƙarfe guda ɗaya mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Bai karɓi ko kwabo a hannuna ba sai da ya zo gidan da ƙafarsa, ya auna bakin rijiyar, ya leƙa cikinta, sannan ya tambayi su wa suke jan ruwa da kuma sau nawa ake ja a yini. Da aka gaya masa cewa mata ne da 'yan mata, kuma daga asuba zuwa magariba guga ba ya hutawa, sai ya girgiza kai ya ce da ni, "Malam, murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, mace mai goyo ma ba za ta so ɗaga shi sau goma a yini ba. Da safe za a ture shi gefe, ba za a mayar ba sai dare." Wannan magana ita ce abu mafi daraja da na samu a wurinsa, kuma damina biyu da suka wuce sun tabbatar mini da ita.

Abin da ya tsara mana kashi biyu ne. Akwai babban murfi na faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3, wanda ya zaunar a kan firam na ƙarfe mai kusurwa, ya kuma gitta sanduna biyu a ƙarƙashinsa don kada ya lotsa idan an hau. Shi wannan ba a buɗe shi, an ɗaure shi da noti huɗu a jikin firam ɗin da birkila ya binne cikin siminti. Sannan a tsakiyarsa akwai ƙaramar ƙofa mai faɗin inci 14, da hinji biyu da mariƙi da wurin sa kwaɗo, wadda yarinya 'yar shekara 12 za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya. Ya kuma nace sai mun ɗaga bakin rijiyar da bulo jeri huɗu kafin a ɗora murfin, domin a da bakin bai wuce gwiwar babba ba. Na ɗan yi jayayya a kan wannan saboda ƙarin kuɗin siminti da na birkila, amma daga baya na gane gaskiyarsa, tunda yaron da ke rarrafe ko tatata ba ya isa saman ko kaɗan yanzu, ruwan wanke-wanke da na sama da ke malala a tsakar gida ma ya daina komawa cikin rijiyar.

Duka aikin, da ƙarfe da ladan mai walda da bulo da siminti da ladan birkila, ya ɗan haura kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 a lokacin. Wani matashi ya yi mini tayin rabin wannan da ƙarfe marar kauri, amma araha ba ta ado, kuma na riga na ga yadda siririn ƙarfe yake yi a ƙarƙashin gwiwar yaro. An yi mini alƙawarin mako ɗaya, aikin ya kai kusan mako uku, uzurin kuwa shi ne rashin wutar lantarki da tsadar man janareto. A tsakanin nan mun toshe rijiyar da katako da bulo muna sayen ruwan jarka. Ranar da aka ɗora murfin, dattijon da babban yaronsa suka hau suka tsaya a kai, suka yi tsalle, bai motsa ba, ni ma na hau na gwada.

Ta fuskar ƙarfi ba ni da abin cewa sai yabo, amma gamawar aikin ta zo da kurakurai waɗanda ya kamata mai saye ya lura da su tun a shago. Ba a gurje bakin ramin ƙaramar ƙofar ba, an bar shi da kaifi, cikin mako biyu ya cinye mana igiyar guga, sannan ya yanki matar ƙanena a tsintsiyar hannu. Fenti kuma a sama kawai aka shafa. Ƙasan murfin, wanda shi ne ke fuskantar laimar rijiya dare da rana, an bar shi tsirara, kafin ƙarshen daminar farko ya yi jawur da tsatsa har ɓarɓashinta ya fara zuba cikin ruwa. Hinji ɗaya ya ɓalle daga waldarsa a wata na biyar, domin yara masu jan ruwa suna sakin ƙofar ta faɗa baya da ƙarfi. Da na koma na gaya wa mai waldan bai yi gardama ba, ya zo da yaransa suka kwance murfin, suka gurje bakin, suka zagaye shi da zagayayyen rodi don igiya ta riƙa zamewa a kai, suka sa hinji masu kauri, suka kankare tsatsar suka shafa jan fenti a ƙasan, aka bar shi a rana ya bushe sarai kafin a mayar. Kuɗin fenti da na hinji kawai ya karɓa. Wanda zai yi sabo, ya faɗi waɗannan abubuwa uku tun ranar ciniki, ya kuma juya murfin ya duba ƙasansa kafin ya biya cikon kuɗi.

Akwai wani kuskure da har yanzu ba a gyara ba. Saman murfin shimfiɗe yake babu gangare, saboda haka ruwan sama yana kwanciya a kai, kuma shimfiɗaɗɗen wuri a tsakar gida ba ya zama banza: mata sun fara shanya barkono da kuɓewa a kai, manyan yara suna zama a kai suna cin abinci, ƙanana kuma suna ganinsu suna sha'awa. Wata rana na ga ɗan ƙanena ya jawo turmi ya kifa ya taka zai hau. Da murfin yana da ɗan tudu a tsakiya da bai yi daɗin zama ba. Mun hana zama a kai, mun kuma kawar da turmi da kujeru 'yan tsugune da bokitai daga kusa da rijiyar, amma da zan sake yin wani, zan ce a yi masa gangare.

Batun da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne ƙaramar ƙofar kanta. Ya kamata kowa ya sani cewa duk ramin da guga cike da ruwa zai fito ta cikinsa, yaro ɗan shekara 2 ko 3 zai iya wucewa ta ciki da kai. Ƙanƙantar ƙofar amfaninta shi ne sauƙin rufewa, amma idan aka bar ta a buɗe rijiyar a buɗe take. Da farko mun yi tunanin sakata ta isa, domin mata sun ce kwaɗo zai riƙa ɓata musu lokaci. Ɗan ƙanena mai shekara 5 ya koyi zare sakatar a yini ɗaya, ya kuma nuna wa ƙannensa. Muka koma kwaɗo. Na farko da na saya na araha ne, laima ta cinye shi ya daina buɗuwa, sai da aka fasa shi da guduma. Na biyu mai ruwan tagulla ne, muna ɗiga masa mai lokaci-lokaci, yana nan yana aiki. Makullin kuma yana rataye a ƙusa a bangon madafi, a tsayin da sai babba ya miƙa hannu, an ɗaura masa guntun jan ƙyalle don kada ya ɓata. Maƙwabta da ke shigowa ɗibar ruwa, waɗanda mahaifinmu bai taɓa hana su ba kuma mu ma ba za mu hana ba, sun ɗan ji wani iri da farko da suka ga kwaɗo. Hajiya ce ta yi musu bayani da kanta, ta ce, "Ba don ku aka sa ba, don jikokina da naku ne, makulli ga shi can, wadda ta ɗiba ta rufe ta mayar." Daga nan maganar ta mutu.

Ranar da na fi fahimtar iyakar wannan murfi ita ce ranar sunan ɗan ƙanena. Gida ya cika da mata da yara, tukwane uku a kan wuta, ana ta jan ruwa babu ƙaƙƙautawa, kuma babu wadda za ta tsaya rufe kwaɗo alhali wata tana bayanta da bokiti. Da na shigo bayan azahar na tarar da ƙofar a buɗe, babu kowa a bakin rijiyar, an jera bokitai a gindinta kamar matakala, yara sama da goma suna guje-guje a tsakar gida. Kowace uwa tana ganin ai gida cike yake da manya, wani yana kallo, alhali babu wanda aka ɗora wa kallon. Tun daga ranar muka yi ƙa'ida cewa duk lokacin biki ko suna ko zaman makoki, da sassafe za a cika ganguna biyu masu murfi, a kulle rijiyar, makullin ya zauna a hannun mutum ɗaya da aka ambata da suna, idan za a ƙara ruwa shi zai buɗe ya tsaya har a gama.

Dalilin wannan tsanani shi ne yadda ruwa yake cin yaro. Yawancinmu muna zaton za mu ji kuka ko fantsamar ruwa, amma yaron da fuskarsa ta nutse ba ya iya yin ihu, cikin kamar minti 2 yana iya suma, kuma idan ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska lahanin yana iya zama na har abada. Wannan bai kai lokacin da uwa take ɗauka ta tuƙa tuwo ko ta amsa waya ba. Ƙaramin yaro kansa ya fi sauran jikinsa nauyi, saboda haka idan ya leƙa ya rinjaya da kai yake faɗawa, kuma ba ya iya ɗago kansa. Shi ya sa ruwan da bai wuce tsayin ɗan yatsa ba a cikin baho ko bokiti zai iya halaka mai rarrafe. Murfin rijiya ba shi da abin da zai yi wa bahon wanki da aka bari da ruwa, ko gangar da ba ta da murfi, ko ramin bayan gida da bakinsa ya tsage, ko kwatar ƙofar gida da ke cika a watan Agusta, ko kududdufin bayan unguwa. Na ma lura cewa bayan an sa murfin hankalin gida ya kwanta fiye da kima, har aka ɗan yi sakaci da bokitai, sai da muka dawo da al'adar kifa kowane baho da zarar an gama da shi. Ba banza ba ne ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 don faɗakarwa kan nutsewa a ruwa, take da ma'ana a wurinmu, domin tsakiyar damina ce, lokacin da rijiyoyi suke tasowa kududdufai suke batsewa.

Wani abu da mai waldan ya yi tunaninsa ni ban yi ba shi ne yasar rijiya. Notunan nan huɗu don haka aka yi su. Idan lokacin yasa ya zo ana kwance babban murfin gaba ɗaya a bar rijiyar ta sha iska kafin mai yasa ya sauka, domin rijiyar da ta daɗe a rufe iskar cikinta tana iya yin ƙaranci, kuma an sha rasa manya a irin wannan hali, har da waɗanda suka sauka ceton wani ba tare da igiya a ƙugu da masu riƙe ta a sama ba. Wanda aka yi wa murfin da aka haɗe da walda ko aka binne a siminti babu hanyar cirewa, an rage shi. A ranar yasa kuwa yara gidan maƙwabta muke kai su har a gama a mayar da murfin. Na kuma rubuta lambar gaggawa ta 112 a bangon madafi kusa da makullin, sannan ni da maiɗakina muka koyi taimakon farko a wurin wani ma'aikacin lafiya: ba a juya yaro kai ƙasa, ba a danna masa ciki don fitar da ruwa, abin da yake bukata idan ba ya numfashi shi ne a hura masa iska ta baki a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, kuma ko ya farfaɗo ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, asibiti za a kai shi.

Akwai ribar da ban saya da niyya ba. Ruwan ya yi tsabta ƙwarai, ganyen darbejiya da ƙurar hunturu sun daina zuba, ƙadangaru da 'yan tsaki sun daina faɗawa, kuma tun da aka sa murfin ba mu sake aron ƙugiya don ciro takalmi ko kofi ba.

Hukuncina shi ne aikin ya ci kuɗinsa, kuma na riga na tura mutum biyu wurin dattijon, na gaya musu su nemi faifai mai kaurin milimita 3 da sanduna a ƙasa, da ƙaramar ƙofa marar nauyi, da baki gurjajje, da fenti sama da ƙasa, da gangare, da kwaɗo mai kyau tun ranar farko. Ga masu gidan haya, inda rijiya ta kowa ce kuma babu wanda yake jin ta tasa ce, shawarata ita ce masu ƙananan yara su haɗa kuɗi su yi idan mai gida ya ja ƙafa, su kuma zauna su amince a kan inda makulli zai zauna kafin a kira mai walda, domin a irin waɗannan gidaje nan ne abin yake lalacewa. Mu a namu gidan, kafin saukar ruwan bana zan sake kiransa ya kwance notunan a duba ƙasan murfin a sabunta fenti. Tun farko ya bar wata 'yar huda a gefe daidai faɗin bututu, ya toshe ta da noti, ya ce duk ranar da Allah ya hore mini injin tura ruwa da tanki ta nan za a zura, ƙaramar ƙofar ta zauna a kulle sai ranar yasa. Kuɗin injin nake tarawa yanzu.